Fuskar da Goggo Atu Ba Ta Gani Ba

A tashar motar Tambuwal suka yi sallama, kuma ba sallamar daɗi ba ce.

"Zahara'u, kalma guda nika nema," in ji Kamilu, yana riƙe da akwatinta kamar ba shi da niyyar saki. "Wata shida za ki yi can. In turo manyana Fakku bayan kin tafi, ko in jira?"

"Duk yadda kag gani..."

"Ba abin da nig gani nika tambaya ba. Ke mi kika so?"

Ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta tsura wa tayar mota ido. Shekara uku ke nan suna tare, tun yana ajin ƙarshe a jami'a a Sakkwato ita kuma tana tsakiyar karatun likitan dabbobi. Yanzu malamin gona ne a Tambuwal. A shekaru ukun nan ya ce mata yana sonta ya fi a ƙirga, ita kuwa iyakar abin da ya taɓa samu daga bakinta shi ne "na gode". Tana sonsa, son da har abinci yake hana ta ci, amma ta gwammace ta tatsi saniya mai harbi da ta faɗa.

"To, shi ke nan, sanyin idona," ya ce, ya miƙa wa direba akwatin. "Ni dai za ni turo su. Allah shi kai ki lafiya."

Ba laifinta ba ne ita kaɗai. Zahara'u 'yar fari ce a gidan Malam Jumare na Fakku, gidan noma da shanu, inda kunya ta fi gishiri yawa a miya. Tun da aka haife ta mahaifinta, Baffa, bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyag ga". Innarta ma haka. Duk maganar da ke tsakaninta da iyayenta ta bakin Goggo Atu take bi, ƙanwar Baffa. Ko ranar da ta sami gurbin jami'a, sai Baffa ya aiki Goggo ta ce mata karsanar nan ja ta zama tata, shi kuma ya ɗauki sandarsa ya nufi garke kamar ba abin da ya faru.

Da wannan tarbiyya ta sauka ƙasar Holan, inda makarantarsu ta tura ta horon sanin makamar aiki a wata gonar shanun madara.

Mai gonar wata doguwar mata ce, likitar dabbobi, sunanta Anneke. Ta kai sa'ar Goggo Atu. Ranar farko Zahara'u ta rusuna ta gaishe ta da Turanci, ta tambayi gida, ta tambayi iyali, tana shirin tambayar gajiya matar ta duba agogo.

"Kowa lafiya. Ki kira ni Anneke kawai. Ga takalmin aiki, ƙarfe shida muke farawa."

Kiran sunan ne ya gagara. Zagaye ta riƙa yi, in tana son magana da ita sai ta tsaya kusa ta yi gyaran murya.

Da rana aka zauna cin abinci, burodi da cuku da madara mai sanyi. Anneke ta turo mata faranti.

"Za ki ci?"

"Na gode, na ƙoshi."

A Fakku wannan buɗe ciniki ne. Mai gida zai sake tayi, ka sake ƙi, ya haɗa ka da Allah, sannan ka sa hannu kana cewa don kada a ce ka ƙi. Anneke kuwa sai ta ce "to", ta janye farantin. Zahara'u ta wuni tana kwasar kashin shanu cikinta na kiran ciroma. Kwana uku a jere aka yi haka kafin ta gane cewa tayin ƙasar nan guda ɗaya ne, ba shi da ƙane.

A hankali ta saba. Ta koyi hawa keke cikin yayyafi, bayan ta faɗa lambatu sau biyu. Ta koyi cewa shida shida ce, ba shida da 'yan mintoci ba. Ta sami kusurwa a ɗakin ajiyar magani inda take shimfiɗa dardumarta, ba wanda ya ce mata komai, sai ma ta tarar an ɗauke kwalayen wajen. Yajin da Goggo ta ɗaure mata shi ya riƙa ceton dankalinsu marar ɗanɗano.

Shanun ne suka fi ba ta mamaki. Ɗari da arba'in, dabbare-dabbaren baƙi da fari, ba ƙaho, ba tozo, ba suna. Kowace da lamba a kunne da wani abin wuya mai aika wa kwamfuta labarinta: nawa ta ci, nawa ta yi tuƙa, ko jikinta ya yi zafi. Na'ura ce ke tatsarsu, su da kansu suke bin layi su shiga. Zahara'u da ta tashi tana jin Baffa na kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya suna amsawa, sai ta ga abin kamar gidan marayu. Ta zaɓi wata mai farin tabo a goshi, lamba 4127, ta raɗa mata Tauraruwa a ɓoye. Da ita take Hausa kullum da safe.

A wata na uku, ranar wata Lahadi da hantsi, Goggo Atu ta kira. Layin Fakku sai an hau tudun makaranta ake samunsa, wayar Goggo kuma ƙarama ce, murya kawai take ɗauka.

"Ɗiyata, ki saurara da kyau. Manyan Kamilu sun zaka daga Tambuwal, sun gaida Baffanki. Kin san halinai, ya rantse ba shi ba da ɗiya sai da sonta. Shi yac ce in tambaye ki. Kina son yaron ga, a sa rana?"

Zuciyar Zahara'u ta buga. Daɗi ya rufe ta, ta zauna a bakin gado. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska, tana murmushi har kumatunta na ciwo. Ta yi duk abin da 'yar mutunci ke yi in an yi mata wannan tambaya, ba ta rage komai ba. Sai dai a ɗakin ba kowa, daga ita sai tagar da ruwa ke duka.

"Zahara'u? Kina jina?"

"Ina ji, Goggo..."

"To?"

Shiru. Goggo ta jira, ta sake jira, layi ya yi ƙara ya katse.

Zahara'u ta tashi ta yi raka'a biyu ta godiya. A wajenta magana ta ƙare, ai shirun budurwa yarda ce, kowa ya sani. Sati biyu ta yi tana yawo a gona kamar an yi mata bushara, har Anneke ta tambaye ta ko an ƙara wa cukun daɗi ne. Ta dai lura saƙonnin Kamilu sun gajarce. "Sanyin idona" ya ɓace, sai "ya aiki" da "Allah shi taimaka". Ta ɗauka kunyar angonci ce ta fara kama shi.

Ana haka Tauraruwa ta haihu.

Washegari da yamma Zahara'u na zagayen ƙarshe ta tsaya a kanta. Saniyar na tsaye, amma tsayuwar ba ta yi mata ba. Tana sauya ƙafafun baya, ba ta tuƙa, idonta ya yi wani iri. Ta kama kunnenta ta ji shi sanyi ƙalau. Ta san wannan. Ta karanta shi a aji, kafin nan ma ta ga Baffa na taɓa kunnen saniya mai jego tun ba ta kai tsawon sandarsa ba. Ciwon bayan haihuwa ne, in aka yi ƙarin ruwa da wuri ba ya wuce awa guda.

Ta sami Anneke a ofis, ta yi gyaran murya.

"Lamba 4127... ko za a duba ta?"

Anneke ta danna kwamfuta, ta karanta.

"Tana ci, tana tuƙa, ba zazzaɓi. Lafiyarta ƙalau. Akwai wani abu?"

Maganar na bakin Zahara'u. Amma matar nan ta shekara talatin tana aikin, ta isa ta haife ta, ta kuma riga ta yanke. Wace ce ita, baƙuwa ɗaliba, da za ta ce wa babba ba haka ba ne? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, da haka aka raine ta.

"Babu," ta ce, idonta a ƙasa.

Da safe suka tarar da Tauraruwa a kwance, wuya a lanƙwashe, ciki ya kumbura. Ashe wajen haihuwa an cire abin wuyanta an maƙala wa wata bisa kuskure, lafiyar wata saniyar kwamfuta ke ta faɗa. Suka sa mata ruwa a jijiya, suka tallafe ta da dammunan ciyawa, suka yi duk abin da ake yi. Kafin ƙarfe tara saniyar ta mutu, kanta a kan cinyar Zahara'u.

Anneke ta wanke hannu, ta haɗa shayi kofi biyu, wannan karon ba ta yi tayi ba, ajiye mata kawai ta yi.

"Jiya da kika zo ofis, me kika gani?"

"Kunnenta ya yi sanyi. Ba ta tuƙa."

"Kin san ciwon?"

"Na sani."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Kin ce lafiyarta ƙalau... A wajenmu ba a musa wa babba. Na zaci za ki ga fuskata ki gane."

Anneke ta daɗe tana kallonta. Ba faɗa a muryarta, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan.

"Kuskuren abin wuya nawa ne, na ɗauka. Ya kamata in tashi in je in duba, wannan ma nawa ne. Amma ni kwamfuta nake kallo, ba fuskarki ba. Kina da idon da ban taɓa gani wajen ɗalibi ba, Zahara'u. Ido ba ya warkar da saniya sai baki ya taya shi. Wanda ba ya kallonki, shirunki ba ya gaya masa komai."

Zahara'u ta yi kuka sosai a ɗakin magani. Tana cikin share hawaye maganar ƙarshen nan ta dawo mata, ta tsaya cak. Wanda ba ya kallonki... Ta tuna Lahadin nan, da mayafin, da tagar. Nan take ta kira Kamilu.

Sai da ta kusa katsewa ya ɗauka.

"Likita. Ya aiki?"

"Kamilu, mi Baffa yac ce ma manyanka?"

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ke za ki tambaye ni? Cewa yay yi a dakata. An tambaye ki kin yi shiru, shi ko ba shi tilas. Kin san in an ce ma mutum a dakata mi aka nufi. Kawu Na'Allah ya ce ba shi zuwa Fakku sau biyu a kunyata shi, ran Jumma'a za shi aika a ce mun janye. Mutane na ta faɗin wadda tat tafi Turai ba ta komowa da zuciyar da tat tafi da ita. Ban yarda ba, Zahara'u, wallahi ban yarda ba. Amma shekara ukku ban taɓa jin komi daga bakinki ba, da mi za ni kare ki?"

Ta runtse ido. Kunyar ta taso mata, kamar kullum. Ta tuna nauyin kan Tauraruwa a cinyarta.

"Ina sonka."

"Mi kinka ce?"

"Ka ji ni. Ina sonka, Kamilu. Tun ranar da kab ba ni lemarka bakin ɗakin karatu kat tafi cikin ruwa. Ba ni son kowa in ba kai ba, ko nan ko can. Shirun da niy yi na yarda na, na rufe fuska ina dariya, Goggo ta ba ta gani ba."

Ta ji yana jan numfashi, ta ji ya ja hanci. Da ya yi magana muryarsa ta sauya.

"Sanyin idona... shekara ukku nika jiran wagga magana, sai ki faɗe ta ina tsakiyar gonar albasar mutane, ba wurin zama?"

Dariya ta kuɓuce mata cikin kuka.

"Amma ba ni ka buƙatar ji yanzu ba," ya ce. "Maganar tana hannun manya. Jumma'a jibi ta."

Ta kira Goggo Atu, ta yi sa'a tana kusa da tudu. Goggo ta saurara har ƙarshe, ta tafa hannu har ana ji a waya.

"Ke ɗiyar nan, Allah shi shirye ki. Labarin zuciya a tambayi fuska, to ni ina nig ga fuskar? Ƙarar iska kawai nij ji. Na aurar da 'yan mata sun fi goma, kowace shiru tay yi, amma ina kallonta. Ke ko kina bayan teku."

"Goggo, ki koma ki faɗa mishi..."

"A'a. Na riga na kai mishi abin da nij ji. In na koma da wata magana, cewa za shi yi Atu ta matsa ma yarinya. Ya ce ba shi ƙara karɓar saƙo kan zancen ga. In kina iyawa, ga Baffanki nan."

Lambar Baffa ta shekara shida a wayarta, ba ta taɓa danna ta ba. Me za ta ce masa? Ko a gida in ta gaishe shi, gefe yake kallo ya amsa wa iska.

Ta je ta sami Anneke.

"Anneke," ta ce, karon farko, sunan ya fita da ƙyar. "Ina son hutun rabin awa da ƙarfe biyar. Zan yi magana da mahaifina."

"Ki ɗauki awa ɗaya," in ji Anneke, ta ci gaba da rubutunta, amma da murmushi a gefen bakinta.

Ta san bayan la'asar Baffa kan zauna gindin tsamiyar da ke kusa da makaranta, inda yake hango shanu in sun doso gida. Ta tsaya a bayan rumbun ciyawa ta danna. Ƙara ɗaya, biyu, uku.

"Salamu alaikum. Wa ka magana?"

"Baffa... ni ta."

Ba ta faɗi suna ba, bai kuma tambaya ba. Ta ji kukan maraƙi daga nesa, da muryar wani mai tallan goro, duk Fakku ta shigo mata kunne.

"Lafiya?" ya ce a gajarce.

"Lafiya lau, Baffa. Ka gafarce ni, na san ba a haka. Amma jiya na yi shiru inda ya kamata in yi magana, saniya ta mutu a hannuna yau da safe. Ba ni son in ƙara. Tambayar da kas sa Goggo ta yi mani... na yarda. Ina son Kamilu. Kunya ta tah hana ni faɗi, ba ƙi ba. In ka amince, a aika ma mutanen Tambuwal kafin Jumma'a."

Ta gama, gumi na bin bayanta duk da sanyin garin.

Baffa bai ce komai ba.

Ta jira. Iska na kaɗawa a layin. Ta san shi sarai, ta san yanzu haka ya kawar da kai yana zane ƙasa da sanda. Amma murmushi yake ko ɓacin rai? Fushi ya yi da rashin kunyarta, ko kuwa? Ba ta da hanyar sani. Nan ta ɗanɗani abin da ta shekara uku tana shayar da Kamilu, ta ji tausayinsa ya kama ta.

"Baffa," ta ce a hankali, "ba ni ganin fuskarka. Sai ka faɗa mani."

Sai ta ji wani sauti da ba ta taɓa ji daga gare shi ba in tana wuri, 'yar dariya ce ta hanci.

"Saniyar, mi yas same ta?"

"Ciwon jego. Kunnenta ya yi sanyi tun jiya."

"Kin taɓa kunnen?"

"Na taɓa. Wurinka nig gani."

"Hm." Ya yi gyaran murya sau biyu. "Gobe da safe ni da kaina za ni Tambuwal wurin Na'Allah. Ba aike ba. In kin komo bayan kaka a ɗaura."

"Na gode, Baffa..."

"Kuma in kin ƙara ganin dabba ba lafiya, ki faɗi, ko gaban wa." Ya tsaya, kamar mai neman hanyar tsallake rafi. "Allah shi yi maki albarka, Zahara'u."

Layin ya katse, ko kuma shi ya katse shi, ba ta taɓa sani ba.

Ta zauna a kan damin ciyawa da wayar a hannu. Shekararta ashirin da huɗu, yau ta fara jin yadda sunanta yake a bakin mahaifinta. Ashe ja yake yi masa kaɗan a ƙarshe, kamar yadda yake kiran shanun da ya fi so.

Bayan kaka aka ɗaura auren a Fakku. Da 'yan uwan ango suka zo ɗaukar amarya, Goggo Atu ta leƙa ƙarƙashin mayafi ta ce, "To, yau dai ina ganin fuskar. Amma saboda tsaro, faɗi da baki: za ki?"

"Za ni, Goggo," in ji amarya, da muryar da har zaure an ji.

Baffa na zauren tare da baƙi. Ya kawar da kai gefe yana zane ƙasa da sanda, amma duk wanda ke wurin ya ga fuskarsa.